Amsoshin Takardunku: Bill Russell, Gwanin Ƙwallon Kwando Da Ya Zama Mai Horarwa

Kamar yadda muka saba, ga ɗaya daga cikin amsoshin da muka bayar a filinmu na amsa takardun masu saurare. Mun kawo ta a rubuce saboda waɗanda aikin gona ko cin kasuwa ya hana su zama gindin rediyo ran nan. Mun kuma ɗan faɗaɗa bayani, tun da yake takarda ba ta da agogo irin na ɗakin watsa shirye-shirye.

TAMBAYA: Wannan takarda ta fito ne daga wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi, wanda ya roƙi a sakaya sunansa. Ya ce yana da ɗa a makarantar sakandare, dogo ne, ya kuma ƙwallafa ransa a kan ƙwallon kwando, har yana cewa in ya gama bugawa zai koma koyar da ita. To sai gardama ta kaure a rumfarsu. Wasu suka ce gwanin wasa ba ya iya koyarwa, wasu suka ce ai wanda bai taɓa yi ba, me zai koyar? Shi ne yake so mu ba shi tarihin wani da ya yi suna a wasan, sa'an nan ya zama mai horarwa, ya ji yadda ta kaya masa.

AMSA: To Alhaji, mun gode da wannan takarda taka, a gai da mutanen rumfa. Wanda muka zaɓo maka shi ne wani baƙar fata ɗan Amurka mai suna Bill Russell. Mun zaɓe shi ne don tarihinsa zai ba kowane ɓangare na masu gardamar abin riƙewa, ya kuma ƙwace wa kowane ɓangare wani abin.

Amma bari mu fara da wasan kansa, saboda masu karatun da ba su taɓa gani ba. Wani malamin motsa jiki ɗan ƙasar Kanada, James Naismith, shi ya ƙirƙiro shi a 1891 a garin Springfield na Amurka. Kwandunan 'ya'yan itace ya samo ya kafe a sama, daga nan sunan ya samo asali. Mutum biyar-biyar ke karawa, da hannu ake yi, ana jefa ƙwallo cikin wani zobe mai raga da ke ƙafa 10 daga ƙasa. Babbar gasar ƙwararru ta duniya ita ce ta Amurka, wadda ake kira NBA. Ana shafe watanni ana zagaye, sa'an nan ƙungiyoyin da suka yi gaba su shiga karon fitar da gwani, inda a manyan zagaye ake tanadin wasa bakwai, wanda ya riga cin huɗu shi ya yi nasara. Ka riƙe wannan, don za mu yi ta komawa kansa.

An haifi Bill Russell ranar 12 ga Fabrairu 1934 a yankin Monroe na jihar Luwiziyana, can kudancin Amurka. A wancan zamani wariyar launin fata a kudancin ƙasar doka ce, ba wai halin wasu mutane kawai ba. Makaranta daban, wurin cin abinci daban, har famfon shan ruwa daban. Russell da kansa ya ba da labarin abubuwa biyu da suka faru ga iyayensa. Wata rana mahaifinsa ya je gidan mai, aka ƙi sauraronsa sai an gama da Turawa. Da ya ga haka ya nemi ya ja motarsa ya tafi wani wurin, sai mai gidan man ya auna shi da bindiga, ya ce ya tsaya ya jira. Mahaifiyarsa kuwa wani ɗan sanda ne ya tare ta a hanya don ta sa sutura mai kyau, ya ce ta koma gida ta tuɓe, wai irin ta matan Turawa ce. Yaron bai kai shekara 10 ba iyayen suka tattara suka yi ƙaura zuwa Oakland a jihar Kalifoniya. Can ma talauci bai sake su ba. Yana ɗan shekara 12 mahaifiyar ta rasu, uban ya bar aikin tuƙin mota ya kama aikin masana'antar ƙarfe don ya riƙa kwana gida da 'ya'yansa.

Wani abin mamaki, Alhaji, yaron nan da fari ba gwani ba ne ko kaɗan. Dogo ne siriri, hannu da ƙafa ba su jituwa, har aka taɓa cire shi daga 'yan wasan ƙaramar sakandare. A babbar sakandare ta McClymonds ne wani malami Bature, George Powles, ya ga wani abu a tare da shi, ya riƙe shi, ya yi ta ƙarfafa masa gwiwa. Ko da ya gama, jami'a guda ɗaya tak ta neme shi, wato Jami'ar San Francisco, wadda a lokacin ko ɗakin wasa nata na kanta ba ta da shi.

A nan ne abin ya buɗe. A zamanin, abin da masu horarwa ke koya wa mai tsaron gida shi ne kada ya kuskura ya ɗaga ƙafarsa daga ƙasa, don in ya yi tsalle za a zille masa. Russell ya ƙi wannan karatu. Sai ya zauna yana nazarin ƙafafun abokan karawa, yana haddace yadda kowa ke juyawa, har ya zama kafin mutum ya saki ƙwallo ya riga ya tashi sama ya kaɗe ta. Tsalle kuwa Allah ya ba shi, don a wasan tsallake sanda ya haura mita 2, har aka lasafta shi cikin gwanayen duniya a 1956. Tsawonsa ya kai ƙafa 6 da inci 10. Shi da abokinsa K.C. Jones, a ƙarƙashin mai horarwa Phil Woolpert, suka ci kofin jami'o'in Amurka a 1955 da 1956, suka yi wasa 55 a jere ba a doke su ba. A wata tafiya zuwa Oklahoma a 1954, otal-otal suka ƙi saukar da baƙaƙen cikinsu, sai ƙungiyar baki ɗaya, har da Turawan, ta koma ta kwana a ɗakin kwanan ɗalibai.

Yanzu ga wani ciniki da zai burge ka a matsayinka na ɗan kasuwa. A NBA ba a sayen sabon ɗan wasa kai tsaye. Kowace shekara ana rabon matasan da suka fito daga jami'a, ƙungiyoyin da suka fi rauni su ke fara zaɓe. A 1956 mai horar da Boston Celtics, wani Bayahude mai wayon tsiya da ake kira Red Auerbach, yana da masu zuba maki irin su Bob Cousy, amma ba shi da mai tsaron gida, kuma ƙungiyar ba ta taɓa cin kofi ba. Layinsa na zaɓe yana can baya. Sai ya je wa ƙungiyar St. Louis Hawks mai zaɓe na biyu, ya ba su Ed Macauley, ƙwararre da kowa ya sani, ya ɗora musu da wani matashi, Cliff Hagan, su kuma suka bar masa Russell. Mutum biyu a kan yaron da bai iya jifa sosai ba! Da yawa sun ga Auerbach ya faɗi. Russell bai ma zo da wuri ba, don sai da ya jagoranci 'yan wasan Amurka zuwa gasar Olamfik a Ostareliya, suka doke Tarayyar Sobiyat da ci 89 da 55 a wasan ƙarshe, sa'an nan ya iso Boston a watan Disamba.

A kakar farko, wato 1957, Boston ta ci kofi, kuma St. Louis ɗin ta doke, a wasa na bakwai, bayan ƙarin lokaci har sau biyu, da ci 125 da 123. Shekarar da ta biyo Russell ya ji ciwo a idon sawu, St. Louis ta rama. Daga nan kuwa sai aka rufe ƙofa. Tun daga 1959 har 1966, shekara takwas a jere, babu wanda ya taɓa kofin nan sai Boston. Har yau ba a sami ƙungiyar da ta maimaita haka a NBA ba.

Mene ne sirrin? In ka duba maki, Russell ba wani abin a zo a gani ba ne, kimanin 15 yake ci a kowane wasa. Aikinsa biyu ne. Na farko, duk ƙwallon da aka jefa ta ƙi shiga ta dawo, shi ke cafe ta. Ya cafe irin wannan har 21,620 a rayuwarsa ta wasa, wato sama da 22 a kowane wasa, akwai ma ranar da ya cafe 51. Na biyu shi ne kaɗe ƙwallo a sama. Sauran dogaye in sun kaɗe, sai su make ta da ƙarfi ta fita fili, 'yan kallo su yi shewa, amma ƙwallon ta koma hannun abokan gaba. Shi kuwa sai ya ɗan taɓa ta a hankali zuwa wajen nasa, kafin a ankara Cousy ya sheƙa da ita an zuba maki. Ba a fara ƙidaya kaɗe ƙwallo a NBA ba sai a 1973, bayan ya bar wasa, saboda haka rabin aikinsa ba ya cikin littafi. Duk da wannan ƙwarewa, abokan wasansa sun sha faɗin cewa kafin babban wasa sai ya shiga bayi ya yi amai saboda fargaba, har ya zama in sun ji shi yana yi sai hankalinsu ya kwanta, sun san yau da gaske ya zo.

Ba a ba da tarihin Russell ba tare da Wilt Chamberlain ba. Wannan wani basamude ne mai tsawon ƙafa 7 da inci 1, ya shigo NBA a 1959. A watan Maris 1962 shi kaɗai ya ci maki 100 a wasa guda, a kakar nan kuma yana cin sama da 50 a kowane wasa. Amma wa aka ba gwarzon shekara? Russell. Ya karɓi wannan kambi sau biyar: 1958, 1961, 1962, 1963 da 1965. Ƙungiyoyinsu sun haɗu sau takwas a karon fitar da gwani, ta Russell ta yi galaba sau bakwai. In mutum da mutum ne, Chamberlain ya fi shi maki nesa ba kusa ba. To amma sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, Russell ya san yadda zai bar shi ya ci nasa, ya toshe sauran huɗun. A waje kuma abokai ne, har gidan iyayen Chamberlain yake zuwa cin abinci in wasa ya kai shi Filadelfiya. Da aka yanka wa Chamberlain albashin dala 100,000 a 1965, Russell ya je ya ce shi sai an ba shi 100,001. Aka ba shi.

Kada ka ɗauka duk wannan nasara ta sa garin Boston ya rungume shi. Ya sayi gida a wata unguwar Turawa mai suna Reading. Wata rana ya dawo da iyalinsa ya tarar an fasa gidan, an farfasa kofunansa, an rubuta zagi a bango, an kuma yi masa bayan gida a kan gado. Mutumin da ya kawo wa garin kofi bayan kofi ke nan. Daga nan ya zama mai ɗaure fuska ga jama'a, ya daina sa hannu a takardar masu sha'awarsa, yana cewa shi ƙungiyar Celtics yake yi wa wasa, ba garin ba. 'Yan jarida suka ce girman kai ne. Ni dai a ganina, wanda aka yi wa haka a ɗakin kwanansa, in bai yi murmushi ba ba a ce ya yi laifi ba.

Kuma bai yi shiru ba. A 1961 a Lexington ta jihar Kentaki aka ƙi sayar wa abokan wasansa biyu abinci a otal ɗin da suka sauka, sai shi da sauran baƙaƙen suka ƙi buga wasan, suka koma gida. A 1963 da aka harbe ɗan gwagwarmayar nan Medgar Evers a Misisipi, Russell ya tafi garin Jackson ya buɗe sansanin koyar da yara baƙaƙe da farare tare, a lokacin da yin haka na iya jawo wa mutum harsashi. Ya halarci babban gangamin Washington na watan Agustan shekarar, inda Martin Luther King ya yi jawabi. A watan Yunin 1967, sa'ad da aka ƙwace wa Muhammad Ali kambinsa na dambe don ya ƙi shiga soja a yaƙin Biyetnam, Russell na cikin manyan 'yan wasan da suka taru a Cleveland suka zauna kusa da shi gaban 'yan jarida. Afirka ma ya zo tun 1959, ya ziyarci Libiya da Habasha da Laberiya yana koya wa yara wasa. Ya zuba kuɗi a gonar roba a Laberiya, sai dai manoma za su gane, noma daga nesa ba ya yi, gonar ta durƙushe da kuɗinsa.

To yanzu mu zo kan gundarin tambayarka. A 1966 Auerbach ya gaji, ya ce zai bar horarwa ya koma ofis. Ya tuntuɓi tsofaffin 'yan wasansa, Frank Ramsey da Bob Cousy da Tom Heinsohn, kowa ya kawo uzuri. Heinsohn ya ce shi ba zai iya juya Russell ba, me zai hana a ba Russell ɗin da kansa? Haka kuwa aka yi. A watan Afrilu 1966 aka bayyana shi a matsayin mai horarwa, baƙar fata na farko da ya riƙe wannan muƙami a NBA. A taron 'yan jarida har aka tambaye shi ko zai iya yi wa Turawan da ke ƙarƙashinsa adalci. Ya ce zai iya, don abin da ke aiki a wasa shi ne girmama iyawar mutum. Ka lura, ba a taɓa yi wa Bature mai horar da baƙaƙe irin wannan tambaya ba.

Kuma fa bai daina wasa ba. Yana cikin fili yana gudu, shi ne kuma mai cewa wane ya fita wane ya shigo, ba shi da mataimaki. Kamar sarkin noma ne a ranar gayya, ga garma a hannunsa yana kan kunya, ga shi kuma shi ke duba wanda ya gaji da wanda ya karkace. Wanda ya sunkuya yana huɗa ba ya ganin abin da na bakin gona ke gani. Kakar farko suka ci wasa 60 suka faɗi 21, wanda ba laifi, amma ƙungiyar Filadelfiya ta Chamberlain ta ci 68, ta kuma fitar da su da ci 4 da 1. Sarautar shekara takwas ta faɗi a shekarar farko ta baƙin mai horarwa. Ka san abin da masu baki za su ce. Russell dai ya shiga ɗakin abokan karawa ya yi wa Chamberlain barka.

A 1968 suka sake haɗuwa. An fara karon ne kwana ɗaya bayan an kashe Martin Luther King a ranar 4 ga Afrilu, aka yi wasan farko jiki a sanyaye. Filadelfiya ta yi gaba da ci 3 da 1, saura ɗaya ta gama da su. Kafin wannan lokaci babu ƙungiyar da ta taɓa farfaɗowa daga irin wannan rami a NBA. Boston ta ci uku a jere, ta wuce, ta doke Los Angeles Lakers ta ɗauki kofi. Russell ya zama baƙar fata na farko da ya ci kofin NBA a matsayin mai horarwa.

Ta 1969 ita ce ta fi daɗin ji. Russell ya kai shekara 35, gwiwoyi sun gaji, manyan abokansa sun tsufa. Da ƙyar suka zo na huɗu a shiyyarsu, da wasa 48 a hannu, 34 a ƙasa. Lakers kuwa sun sayo Chamberlain sun haɗa shi da Jerry West da Elgin Baylor, zakaru uku a akurki ɗaya. Suka ci wasa biyun farko. Boston ta yi ta rarrafe har aka kai wasa na bakwai, ranar 5 ga Mayu, a gidan Lakers. Mai ƙungiyar Lakers, Jack Kent Cooke, ya riga malam masallaci: ya sa aka rataye dubban balan-balan a rufin ɗakin wasa, aka buga takardar tsarin biki, har da wanda za a fara yi wa tambayoyi bayan nasara. Takardar ta faɗa hannun 'yan Boston kafin a fara. Ba sai mai horarwa ya yi dogon jawabi ba ran nan. Boston ta ci 108 da 106, balan-balan suka kwana a sama. Saura 'yan mintuna a tashi Chamberlain ya ji ciwo a gwiwa ya fita, da ya nemi komawa mai horar da shi ya ƙi. Daga baya Russell ya soki fitar tasa a bainar jama'a, maganar da ta raba su kimanin shekara 20 ba sa ga-maciji, sai da Russell ya nemi gafara suka shirya kafin rasuwar Chamberlain a 1999.

Bayan wannan wasa Russell ya ajiye duka biyun, wasa da horarwa. Kofi 11 cikin shekara 13, biyu daga ciki yana mai horarwa. Wasa na bakwai kuwa ya buga shi sau goma, bai faɗi ko ɗaya ba.

Da a nan labarin ya tsaya, da masu cewa gwani shi ne malami sun cinye gardama. To bai tsaya ba. A 1973 ƙungiyar Seattle SuperSonics ta ɗauke shi, ta ba shi wuƙa da nama, shi ne mai horarwa shi ne mai ɗaukar 'yan wasa. Ya kai su karon fitar da gwani a 1975, karo na farko a tarihinsu, wannan ba a ƙwace masa ba. Amma a shekara huɗu wasa 162 ya ci, ya faɗi 166. Tsarin da ya sani, na tsaron gida da sadaukar da kai, bai shiga jikin matasan da ya tarar ba, shi kuma ba mai haƙurin lallashi ba ne. Ya tafi a 1977. Shekara biyu bayan haka, a 1979, ƙungiyar ta ci kofi a hannun Lenny Wilkens, da wasu daga cikin yaran da Russell ɗin ya ɗauko, irin su Dennis Johnson. Ya sake gwadawa da Sacramento Kings a 1987, nan kam abin bai yi kyau ba sam: ya ci 17, ya faɗi 41, aka sauke shi kaka ba ta ƙare ba.

Me ya bambanta Boston da sauran? A Boston mai horarwa Russell yana da abin da babu mai horarwar da ke da shi, wato ɗan wasa Russell. In abu ya ɓaci sai ya gyara da hannunsa. Mutanen da ke tare da shi, irin su Sam Jones da John Havlicek, sun shekara da shekaru tare, ido kawai ya isa. A Seattle kuwa sai da baki, daga kan benci. Duk wanda ya taɓa tsayawa gaban allo ya san wannan: abin da ya zo maka da sauƙi shi ya fi wuyar koyarwa, don ba ka san inda yake yi wa yaro wuya ba.

Ga ƙarin abin da za ku tauna a rumfa. Auerbach bai taɓa buga wasa a NBA ba, amma ya ci kofi tara yana horarwa. K.C. Jones, wanda bai kai rabin Russell suna ba, ya ci biyu da Boston a 1984 da 1986. Phil Jackson yawanci daga benci yake shigowa a zamaninsa na wasa, ya zo ya ci kofi 11 a horarwa. Chamberlain ya gwada horarwa kaka ɗaya ya bari. Magic Johnson ya yi wasa 16 a 1994, ya ci biyar, ya ce a kai kasuwa. Sai dai kuma Larry Bird, gwani na gaske, an zaɓe shi gwarzon masu horarwa a 1998. Ni abin da na gani shi ne, yin wasan yana taimakawa, amma matsakaitan 'yan wasa sun fi manyan gwanaye yin nisa a horarwa. Haɗa biyun a lokaci guda kuma ya zama tarihi, rabon da a ga haka a NBA tun Dave Cowens a 1979.

Game da yaronka, Alhaji, ka sani ƙungiya 30 ce a NBA, kowace da 'yan wasa kimanin 15, duniya duka kuma can take hari. Daga Nijeriya an sami waɗanda suka kai. Hakeem Olajuwon ɗan Ikko ya ci kofi da Houston a 1994 da 1995. Ime Udoka, wanda mahaifinsa ɗan Nijeriya ne, ya kuma buga wa Nijeriya, ya kai Boston ɗin nan ta Russell wasan ƙarshe a 2022 yana mai horarwa. Masai Ujiri da ya tashi a Zariya shi ne shugaban Toronto Raptors sa'ad da ta ci kofi a 2019. Dukkansu, har da Russell, ta ƙofar makaranta suka bi. Ka bar shi ya yi wasansa, amma kada ya saki littafi.

Shi kuwa Russell, ya daɗe bai huce da Boston ba. Da za a jingine rigarsa mai lamba 6 a 1972, sai ya ce a yi kafin a buɗe wa 'yan kallo ƙofa. Da aka sa shi a zauren tunawa da gwanayen wasan a 1975 ya ƙi zuwa, yana ganin akwai baƙaƙen da suka riga shi shan wuya da ya kamata a fara sawa. Bai karɓi zoben karramawar ba sai a 2019, bayan an shigar da Chuck Cooper, baƙar fata na farko da aka zaɓa a rabon 'yan wasa na 1950. A 2009 aka sa sunansa a kyautar gwarzon wasan ƙarshe, kyautar da shi bai taɓa samu ba, don a shekararsa ta ƙarshe aka fara ba da ita, aka kuma ba Jerry West da aka doke. Shugaba Barack Obama ya rataya masa lambar yabo mafi girma ta farar hula a 2011, garin Boston ya kafa mutum-mutuminsa a 2013, a 2021 kuma aka sake shigar da shi zauren gwanaye, wannan karon a matsayin mai horarwa.

Ya rasu ranar 31 ga Yuli 2022 yana da shekara 88. Kwana 11 bayan haka hukumar NBA ta ba da sanarwar cewa ba za a sake ba wani sabon ɗan wasa lamba 6 ba a dukan ƙungiyoyinta 30, abin da ba a taɓa yi wa kowa ba a gasar.

Da fatan Alhaji da mutanen rumfa sun gamsu. Ɗaya tambayar taka kuma, ta yadda ake lissafin maki a wasan, sai a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.